Uwais Bai Jira Sallah Ba

Duk wanda ya zauna a unguwar Ulaisha ta Riyadh ya san Uwais ɗan Malam Giɗaɗo direba, in bai san sunansa ba ya san tafiyarsa. Dogo ne siriri, kafaɗa ɗaya ta ɗan sauka saboda ratayar jakar kwamfuta, kuma Allah bai ba shi tsayuwa wuri ɗaya ba. In yana jiran burodi a wurin Afganawan layinsu, sai ya je bakin titi ya dawo, ya zaro waya, ya mayar aljihu, ya sake zaro ta. Mahaifiyarsa Rakiya takan ce tun yana ciki haka yake, bai taɓa barin ta ta yi barcin rana ba. Abin haushin kuwa, duk zaryar nan ba ta kai shi ko'ina. Ƙafarsa ce kawai mai gaggawa. Duk abin da ya kamata ya yi yau, Uwais yana da kyakkyawan dalilin barinsa sai jibi, kuma in ya zayyana maka dalilin har sai ka ji kamar kai ne mai garaje.

A Riyadh aka haife shi, a nan ya yi rarrafe, a nan ya yi kaciya. Larabci yake mafarki da shi, Hausa kuwa ta gida ce, ta aike da faɗa da cin tuwo. Sau ɗaya aka taɓa kai shi Gombe yana ɗan firamare, abin da ya riƙe daga tafiyar bai wuce zazzaɓin da ya kwantar da shi ba, sai 'ya'yan baffanninsa da suka yi ta bin sa suna cewa ya sake faɗin "ƙwarya" su yi dariya. Shi ne ɗan fari, don haka mahaifinsa bai taɓa kiran sunansa ba. "Kai" ne in yana kusa, "yaron nan" in ana maganarsa. Yabo kuwa ko a mafarki, domin a wurin Malam Giɗaɗo mutum ya yabi ɗan farinsa a gaban jama'a rashin ta-ido ne.

Malam Giɗaɗo ya fi shekara talatin yana jan motar wani sito na tayil a unguwar Sulay. In ka zauna da shi zai ba ka tarihinsa kaf, kuma a kowace gaɓa akwai sunan wani. Wane ne ya kawo shi ƙasar, wane ya haɗa shi da kafilinsa, wato ubangidan da zamansa a ƙasar ke hannunsa, wane ya nema masa gidan da suke ciki, wane ya yi magana aka ɗauki yaron nan a jami'a. Bai taɓa ƙwanƙwasa wata ƙofa shi kaɗai ba, kuma bai yarda akwai ƙofar da ke buɗewa haka ba. Ba laifinsa ba ne, haka garin ya koya masa.

Jami'ar ta kuɗi ce, karatun kuwa na akanta ne. Shekara biyun farko Uwais ya kashe su a filin ƙwallo da gaban wasan bidiyo tare da abokai, ba wani ciwo, ba wata masifa, shiririta ce zalla. Da ya farka ya dage iya ƙarfinsa, amma makin da ake tarawa tun daga farko, wanda suke kira mu'addal, ba ya mantuwa. Nasa ya tsaya a biyu da 'yan kai cikin biyar, ya ƙi gaba. Ko ƙanwarsa Hajar, mai bakin tsiya, takan ce mu'addal ɗin Yaya ya fi Yaya natsuwa, shi kam yana zama wuri ɗaya.

To, ga inda abin ya tsaya. Jami'a ba ta ba da shaidar kammalawa sai ɗalibi ya yi tadrib, wato horon aiki na wasu watanni a wani ofis. Ba shaida, ba mai ɗaukar mutum aikin akanta ya mayar da iqamarsa, wato takardar izinin zamansa, ƙarƙashinsa. Uwais kuwa a ƙarshen shekarar nan zai cika ashirin da biyar, kuma kowane gidan baƙi a Ulaisha ya san ɗa namiji in ya kai nan ya gama zama a inuwar iqamar ubansa. Ko ya sami nasa kafilin, ko a buga masa bizar fita ta ƙarshe. In bai shiga tadrib kafin bazara ta wuce ba, jirgin Kano ne, daga can a sa shi a motar Gombe.

Shi dai shirinsa shi ne ya jira. Ya yi lissafi, in sakamakon wannan zangon ya fito da kyau, mu'addal zai ɗan ɗaga, sai ya tura takardunsa yana mai ɗan kwarjini. Duk lokacin da ya buɗe shafin wani kamfani ya ga gurbin da ake rubuta maki, sai ya rufe kwamfutar ya fita zagaye. Abokan ajinsa masu huɗu da rabi sun tura nasu tun sanyi, shi yana nan yana jiran rabin maki.

Mahaifinsa ma shirinsa jira ne, amma ta wata hanyar. Akwai Alhaji Jibirilla, mutumin Gombe, babban akanta a wani kamfanin gine-gine, mai gida a arewacin gari. Malam Giɗaɗo ya taɓa kai iyalinsa Madina ya dawo da su lafiya, tun daga nan ake mutunci.

"Zan kai ka wurinsa," in ji shi wata rana suna cin abinci. "Amma sai Sallah."

"Baba, ya'ni ba za a iya kiransa ba? Kana da lambarsa."

Malam Giɗaɗo ya ajiye cokali. "A waya? In ɗaga waya in ce wa Alhaji Jibirilla ga buƙata, kamar ina odar shinkafar kabsa? Babban mutum ba a tare shi a waya, ba a tare shi a bakin aiki. Ana zuwa gaisuwar Sallah, a zauna, a ci, a sha, a tambayi iyali. In an tashi tafiya ya rako ka, sannan ka ce af, ga yaron nan. Haka ake yi."

Rakiya ta ce, "Malam, Sallar nan fa da saura, ko Sha'aban ba mu shiga ba."

"Tana zuwa."

Gaskiyar magana, Uwais ya ji daɗin hukuncin. An ba shi izinin jira daga sama, me ya fi wannan? Ya ce to, ya ƙara miya.

Abin da ya ɓata masa wannan kwanciyar hankalin tafiyar Moussa ce. Moussa ɗan mutanen Nijar ne, gidansu na bayan nasu, shi ne mai tsaron gida a ƙungiyar ƙwallonsu tun suna yara. Ya girmi Uwais da shekara guda, ya yi ta neman kafili bai samu ba, kwanaki suka cika. Ana saura kwana kaɗan azumi Malam Giɗaɗo ya ɗauke su a mota zuwa filin jirgin Sarki Khalid. Moussa ya yi ta raha a hanya, yana cewa zai je Damagaram ya zama gwamna. Da aka zo wurin da ba a wucewa sai da fasfo, sai ya riƙe hannun Uwais ya tambaye shi a hankali da Larabci, wai in ya sauka, mutanen da za su tarye shi, Baffa zai ce musu ko Kawu, don shi bai san wane ne wane ba. Uwais ma bai sani ba. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar jarrabawa.

Daga ranar zama ya gagare shi gaba ɗaya. Azumi ya kama, a watan Maris ya faɗo a shekarar, gari ya koma barcin safe, shi kuwa da an yi asuba idonsa ya bushe. Ya kwanta, ya tashi, ya buɗe firji yana azumi, ya rufe. Hajar ta ce don Allah a ɗaure Yaya a ƙafar gado mutane su huta. Rakiya ta kore shi waje, ta ce ya je ya ƙare wa titi takalmi.

A irin wannan yawon ne, wata hantsi, ƙafa ta kai shi wajen kasuwar Batha. Kantuna a rufe, titi fayau, sai kyanwoyi. A gindin wani tsohon bene ya ga wani ɗan Bangaladash yana sauke kwalaye daga bayan mota yana hawa da su sama yana haki, takardu har suna zubowa. Ya ɗaga kai ya ga allon ofishin akantoci. Nan wata magana ta faɗo masa, wadda wani malaminsu ya taɓa yi a aji yana ƙorafi: wai daga Janairu zuwa ƙarshen Afrilu akanta ba ya ganin 'ya'yansa, don a lokacin ne ake rufe lissafin shekara, kowane ɗan kasuwa yana son a miƙa masa bayanin zakka da haraji kafin wa'adi ya cika. Ga shi bana azumi ya faɗo a tsakiyar hidimar, an rage awannin aiki, aikin kuwa bai ragu ba.

Uwais ya tsaya, abin da ba ya yi. Kowa yana neman tadrib ne lokacin da ofisoshi suka huta, suna da sukunin zama su jera takardu su zaɓi mai maki. To yanzu fa, wa ke da lokacin karanta makin wani? A duk shekarunsa na jami'a wannan ne tunani na farko da ya yi da kansa ba a allo ya kwafa ba, kuma saura kaɗan ya ce bari sai gobe. Fuskar Moussa ce ta tura shi matakalar.

Ofishin farko ba su ko bar shi ya zauna ba, suka ce ya dawo bayan Idi. Na biyu, a bene na gaba, mutumin yana barci a kan kujera, ya buɗe ido ɗaya ya ce bayan Idi. Uwais ya sauko, har ya kama hanyar gida, sai ya ga wani ƙaramin allo da rana ta cinye, a saman shagon masu gyaran taya. Ya hau.

Ɗaki biyu ne, kwalaye har bakin taga. Wata mata 'yar Sudan, ta kai shekara hamsin, gilashi a kan hanci, waya a maƙale a kafaɗa, tana yi wa wani faɗa a kan rasitan da bai kawo ba. Ita ce Ustaza Marwa. Ofishin na wani dattijo ne ɗan ƙasa wanda ke leƙowa jefi-jefi ya sa hannu, amma kowa ya san ita ce ofishin. Ta ajiye wayar ta dube shi.

"Kai kuma daga wane shagon?"

"Ɗalibi ne ni, Ustaza. Akanta. Ina neman tadrib."

"Yanzu? Cikin azumi?" Ta dube shi sama da ƙasa. "Ka iya Excel?"

"Na iya."

"Yaushe za ka fara?"

Bakinsa ya ɗauko "bayan Sallah" da kansa, don ya saba. Ya haɗiye. "Yanzu."

Ta nuna masa wani kwali da ƙafa. Na wani mai sayar da kayan gyaran mota ne, wanda ya tara rasitan shekara guda a ledoji, wasu da tabon baƙin mai, wasu an rubuta lambar wayar wani a baya. Ta ce ya jera su wata-wata ya shigar. Game da rubuta wa jami'arsa kuwa ta ce, "Wannan sai na ga ƙarshenka. Biyu sun zo kafin kai, ɗaya kwana uku ya yi."

Kada wani ya zaci Uwais ya zauna ya ba kowa mamaki. Bai ba kowa ba. A makon farko ya shigar da rasitan wata guda sau biyu, Ustaza Marwa ta gano da kallo ɗaya, ta wanke shi tas har masu gyaran taya na ƙasa suka tausaya masa. Ya rikita harajin saye da na sayarwa. Ƙafarsa tana ta kaɗawa a ƙarƙashin tebur har ta ce in bai daina ba za ta ɗora masa kwali a cinya. Abu ɗaya ne ya yi daidai: kullum yana dawowa. In yana da aji ya je ya dawo, in babu tun safe yana nan. Kuma kullum yana hawa matakalar nan yana cewa a ransa yau za ta tambayi mu'addal, yau za ta ce ya kawo takardar sakamako, yau komai zai ƙare. Ba ta tambaya ba, ba ta da lokaci.

A gida bai faɗa wa kowa ba. In zai fita ya ce ya tafi karatu, ya lallashi kansa cewa ai ba ƙarya ba ce. Sau da yawa ya shirya maganar, ana shan ruwa ya buɗe baki, sai ya ga mahaifinsa yana lissafa shirin Sallah da murna. Malam Giɗaɗo ya ba da ɗinkin shadda iri ɗaya, tasa babbar riga, ta yaron kaftani. Ya sa wani mai zuwa Umara ya taho masa da kilishi daga gida. Ya sayi turare mai tsada a Batha, ya ɓoye a saman kwaba, lokaci-lokaci ya sauko da shi ya shinshina kwalin. Ta yaya za ka dubi mutumin nan ka ce masa ka riga ka je ka ƙwanƙwasa ƙofar baƙi kai kaɗai, kamar wanda ba shi da kowa? Ban da haka ma, Uwais bai cire rai da Alhaji Jibirilla ba. Kamfani babba ne, in aka dace har kafilinsa sai su zama. Ofishin saman masu taya kuwa ko alkawari bai samu ba. Sai ya bar maganar sai gobe, kamar yadda ya iya.

Rana ta uku ga Sallah Alhaji Jibirilla yake zaman karɓar gaisuwa. Suka shiga shaddarsu tana ƙara, suka kama hanyar arewa, Rakiya ta cika bayan mota da kwanukan cincin da dambun nama na gidajen da za a biya. Falon Alhaji cike yake da mutanen gida, likitoci da injiniyoyi da 'yan kasuwa, ana ta barka da Sallah ana shan gahawa. Akwai kujeru, amma Malam Giɗaɗo ya zauna a gefen kafet, dole Uwais ya zauna a bayansa, ya danne gwiwarsa da hannu don kada ta kaɗa. Aka ci, aka sha, aka tambayi iyali, aka yi zancen gida da tsadar tikiti. Komai ya tafi yadda Malam Giɗaɗo ya tsara. Da suka miƙe, Alhaji ya rako su har bakin ƙofa yana godiyar kilishi.

"Af, ranka ya daɗe," in ji Malam Giɗaɗo, kamar yanzu abin ya faɗo masa. "Ga yaron nan. Karatun akanta yake, an ce sai ya yi tadrib. Na ce bari in kawo shi wurin ubansa."

Alhaji Jibirilla ya tsaya da murmushinsa, sannan murmushin ya tafi. Mutumin kirki ne, kuma abin ya dame shi da gaske.

"Haba Malam Giɗaɗo! Ina kuka shige tun Rajab? Wallahi a Janairu neman hannu nake ido rufe. Yara biyu na ɗauka, ko makinsu ban tambaya ba, wanda ya iya kunna kwamfuta kawai nake so. Yanzu na bazara an rufe tun kafin azumi, kuma wannan ba a hannuna yake ba, na HR ne, masu ɗaukar ma'aikata. Su maki suke bi, 'yan ƙasa ne kuma a gaba. Me ya hana ka buga min waya?"

Malam Giɗaɗo ya dubi ƙasa. "Na ga kamar bai dace ba, ranka ya daɗe."

"Subhanallah. Waya ɗaya fa." Ya dafa kafaɗar Uwais. "Sai dai Janairu mai zuwa, in Allah ya kai mu."

Janairu mai zuwa Uwais ya riga ya cika ashirin da biyar. Su biyun sun san haka. Suka yi godiya, suka yi sallama.

A mota Malam Giɗaɗo ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar ɗan koyo. Suka hau babban titi suka nufo kudu, dogayen gine-gine suna wucewa. Uwais ya saci kallonsa ya ga hular ta ɗan karkace bai gyara ba, shi da ko masallacin layi ba ya zuwa da karkatacciyar hula. Tausayin uban ya kama shi har ya fi ƙarfin tsoron kansa.

Can Malam Giɗaɗo ya ce, idonsa a kan titi, "Ni na ja maka. Uwarka ta faɗa, kai ma ka faɗa."

Uwais bai taɓa jin irin wannan daga bakinsa ba, kuma bai so ya sake ji.

"Baba, akwai maganar da ban faɗa maka ba. Tun farkon azumi ina zuwa wani maktab a Batha. Ƙarami ne. Ina yi musu aiki. Ba su ce sun karɓe ni ba tukuna, amma ba su kore ni ba."

Motar ta ɗan rage gudu. "Wa ya kai ka?"

"Ba kowa."

"Na ce wa ya yi maka hanya?"

"Wallah ba kowa, Baba. Hawa na yi na ƙwanƙwasa."

Malam Giɗaɗo ya ci gaba da tuƙi har suka wuce gada biyu. Uwais ya kasa gane ko fushi ne ko mene ne. Sannan ya ce, "Wata guda mutane suna riƙe da kai, ban je na gaishe su ba. Nuna min wurin."

"Yau Sallah, a rufe yake. Bari sai an koma aiki."

"Nuna min."

Shagon masu taya a rufe yake, amma na'urar sanyaya ɗakin da ke tagar sama tana ɗigar ruwa a kan titi. Ashe akwai mutum a ciki. Ya manta Ustaza Marwa ba ta da inda za ta je yawon Sallah, yaƙi ya warwatsa danginta, wasu a Masar wasu a Chadi, ga kuma ƙarshen Afrilu yana matsowa. Malam Giɗaɗo ya buɗe bayan mota, ya ɗauki kwanon dambun da aka yi don wani gidan, ya tattare babbar rigarsa ya hau matakalar yana gaba.

Ta ɗago kai daga cikin takardu ta ga dattijo cikin shadda da ɗalibinta a baya yana zufa. Ta miƙe. Malam Giɗaɗo ya yi mata barka da Idi da Larabcinsa na direbobi, ya ajiye kwanon a kan wani kwali, ya tambayi iyali, ta amsa a taƙaice, ya yi musu addu'a mai tsawo har ta cire gilashi ta goge. Sannan ya zo kan abin da ya kawo shi, ya yi shi yadda ake miƙa ɗa a wurin malami ko maigida a garinsu, inda ba a kai yaro da yabo.

"Wannan nawa ne. Amana ce na kawo miki. Ba shi da ƙoƙari sosai, makinsa a makaranta kaɗan ne, wasa ya yi da farko. Sai kin yi haƙuri da shi. In ya yi ba daidai ba ki hukunta, ba sai kin tambaye ni ba."

Uwais ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Wata guda yana kewaye maganar nan kamar mai kewaye rami, ga mahaifinsa ya zo cikin ladabi ya tura shi ciki.

Ustaza Marwa ta mayar da gilashinta, ta dube shi. "Nawa ne mu'addal ɗin?"

Zai iya cewa sakamako bai fito ba, kuma gaskiya ne. Zai iya cewa zai kawo takardar bayan hutu. Ya dubi mahaifinsa, wanda ke tsaye hannu a baya yana jiran a gama, bai ma san ya yi ɓarna ba. Ya faɗi lambar yadda take, bai ƙara ko ɗigo ba.

Ta ja numfashi ta hanci. "Da a watan Yuni ka zo min da wannan, ko ruwa ba za ka sha a ofishin nan ba. Lokacin masu huɗu da rabi suna layi a matakala." Ta juya ga Malam Giɗaɗo. "Ya Hajj, ɗanka ba shi da sauri, kuma ƙafarsa tana hana ni tunani. Amma ya zo lokacin da ba mai zuwa, kuma bai gudu ba. Ran da jami'arsu ta buɗe zan rubuta musu. In ya kai ƙarshen shekara bai kashe ni ba, zan yi wa mai ofis maganar iqamarsa. Ban yi alkawarin wannan ba, magana na ce zan yi."

Malam Giɗaɗo ya yi godiyarsa ga Allah. Ya ɗaga hannu biyu sama kawai, ya shafa a fuska.

"Kai kuma," ta ce da Uwais, "tunda Allah ya kawo ka, cire hular nan. Ga kwalin mai gidan abinci can tun jiya yake harara ta."

Ya dubi mahaifinsa. Malam Giɗaɗo ya ce da Hausa, "Me kake kallo na? Zauna." Ya juya ya sauka shi kaɗai, ana jin ƙarar shaddarsa a matakala.

Uwais ya naɗe hannun kaftaninsa ya jawo kwalin. Ya jera rasitan wata na farko, ya shigar, ya kama na biyu. Da ya miƙe ɗauko abin maƙala takarda a bakin taga, sai ya hango motar tana nan inda suka bar ta. Akwai gidaje uku da suka rage a gaisar, kwanukan Rakiya suna bayan mota, rana ta take. Malam Giɗaɗo bai tafi ba. Ya cire babbar rigar ya ninke a kujerar baya, ya ɗauko tsumma yana goge gilashin gaba a hankali, yadda yake yi a ƙofar sito in yana jiran a gama lodi. Jefi-jefi ya ɗaga kai ya dubi allon da rana ta cinye, leɓɓansa suna motsi, yana haɗa baƙaƙen sunan ofishin don ya iya faɗa in an tambaye shi inda yaron nan yake aiki.

Uwais ya koma ya zauna, ya jawo rasit na gaba.